Takalmin da Ya Dace Bayan Aikin Ƙafa: Tambayoyi da Amsoshi ga 'Yan Uwa Mazauna Makka, Jidda da Madina

Wanda aka yi wa aiki a ƙafa yakan baro asibiti da ledar magani da ranar komawa ganin likita, amma ba kasafai ake zaunar da shi a faɗa masa abin da zai taka ƙasa da shi ba a watannin da ke tafe. Ga kuma yanayin ƙasar nan: rana mai ƙuna, tayil mai santsi a gida da waje, da cire takalmi sau biyar a ƙofar masallaci. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda 'yan uwa suka fi yi. In maganarmu ta saɓa da ta likitan da ya yi aikin, a bi tasa, domin shi ya ga ƙashin da idonsa, shi ya san inda ya ɗaura ƙusa.

An sallame ni da wani baƙin takalmi mai faɗi, ƙasansa kamar katako. Dole ne sai na sa shi?

Dole ne, kuma taurin nan da kake ƙorafi a kai shi ne amfaninsa. Duk takun da mutum ya yi, ƙafa tana lanƙwashewa a gindin yatsu. In an yanka ƙashi a wurin an haɗa shi da ƙusa ko waya, kowace lanƙwasa tana motsa mahaɗin, ƙashin da ke motsi kuwa ba ya kamawa da wuri, wani lokaci ma ya kama a karkace. Takalmin asibiti yana hana wannan lanƙwasar.

Iri uku aka fi bayarwa. Akwai shimfiɗaɗɗe mai taurin ƙasa da maɗauri mai mannewa, na ƙananan ayyukan yatsu. Akwai mai tudu a dunduniya, wanda gabansa ke rataye bai taɓa ƙasa ba, don nauyin jiki ya koma baya. Shi ake yawan ba wanda aka gyara wa ƙullutun babban yatsa. Sai dogon but mai kaiwa ƙasan gwiwa, na karayar idon sawu da ɗinkin agara. Ba a musanya ɗaya da ɗaya don ganin dama. Mai tudun dunduniya kuma yana da sharaɗi: gajeren taku, ƙafar da aka yi wa aiki a gaba, lafiyayyar ta biyo ta tsaya daidai da ita. In ka zarce da dogon taku, gaban takalmin zai dungura ƙasa, nauyin ya sauka daidai inda ake gudu.

Har tsawon wane lokaci?

Ɗinki ana cire shi tsakanin kwana 10 zuwa 14. Ƙashi kuwa yana ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ya kama, shi ya sa yawancin ayyukan ƙashi ke buƙatar takalmin asibiti kimanin mako 6. Waya da ake bari ta leƙo a kan yatsa ana zare ta wajen mako 4 zuwa 6. Agara ta fi jinkiri: but na mako 8 zuwa 12, da 'yan matasai a ƙarƙashin dunduniya da ake cirewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka cire wa farce da ya nutse cikin nama, shi kwanaki kaɗan ne cikin sandal mai buɗaɗɗen gaba.

Hoton ƙashi ne ke yanke hukunci, ba ɗaukewar ciwo ba. Ciwo yakan lafa tun mako na biyu ko na uku, a nan ne mutane ke ruɗuwa su ajiye takalmin. Mai shan taba ko shisha ya sani cewa hayaƙin yana jinkirta kamun ƙashi da warkewar fata.

Shibshib ya fi mini daɗi, ga zafin garin nan, ga shi ba ya matse ni. Mene ne aibinsa?

Wannan ita ce tambayar da muka fi son a tsaya a kai, domin a nan aka fi yin ɓarna. Silifa, wadda ake ce wa shibshib a nan, tana da daɗi a tsaye da a zaune, amma ka lura da abin da yatsunka ke yi idan kana tafiya da ita. Babu abin da ya riƙe ta a dunduniya, saboda haka a kowane taku yatsu sai sun danƙe ta don kada ta fice. Wannan danƙewar aiki ne da jijiyoyi da gaɓoɓin da aka taɓa ke yi sau dubbai a rana. Mai igiya tsakanin yatsu ta fi muni ga wanda aka miƙe wa babban yatsa, don igiyar tana gogar wurin tana tura shi.

Na biyu, ƙasanta laushi ne zalla. Ka ɗauki silifar roba ka naɗe ta, za ta naɗu kamar gurasa. Abin da ya naɗu a hannunka zai lanƙwashe a ƙarƙashin ƙafarka, ya bar mahaɗin ƙashi babu tallafi. Mutane da yawa suna ɗaukar laushi a matsayin sauƙi, alhali ƙafar da ke jinya ƙasa mai ƙarfi take so, da sama mai laushi.

Na uku, santsi. Silifa jiƙaƙƙiya a kan tayil ɗin wurin alwala ko banɗaki ta isa ta kayar da mai lafiya, balle mai dogara sanda. Zamewa ɗaya tana iya warware aikin da aka yi.

In zafi ne damuwar, bayan likita ya sallame ka daga takalmin asibiti ka nemi sandal mai maɗauri uku: ɗaya a kan yatsu, ɗaya a wuyan ƙafa, ɗaya a bayan dunduniya, duka masu sassautuwa, da ƙasa mai kauri. Iska za ta shiga, ƙafa kuma tana riƙe.

Tun da na fara sa but ɗin nan ƙuguna da gwiwata ke ciwo, alhali ba can aka yi aikin ba.

But ya ɗaga ƙafa ɗaya da santimita 2 zuwa 3, wani ma ya fi. In ɗayar ƙafar tana cikin silifa ko babu komai, kana tafiya ne kamar wanda ƙafarsa ɗaya ta fi tsawo, ƙugu ya karkace, baya ya ɗauki sauran. Maganin shi ne lafiyayyar ƙafar ta sami kambas mai kaurin ƙasa, ko a ɗaura mata wani ƙarin tafi da ake sayarwa a shagunan kayan asibiti don daidaita tsawo. Ka tsaya gaban madubi, ka ɗora hannuwa a kan ƙashin ƙugu dama da hagu. In sun daidaita, ka dace. A cikin gida ma haka za ka yi, ka ware kambas mai tsabta na ɗaki.

Likita ya ce in koma takalmin yau da kullum, amma duk nawa sun ƙi shiga. Yaya zan zaɓi sabo?

Ba laifin aikin ba ne. Kumburi bayan aikin ƙafa yakan ɗauki wata 3 zuwa 6, wani har shekara, domin ƙafa ce can ƙasan jiki, ruwa kuma gangare yake bi. Da safe ta saɓe, da yamma ta cika.

Saboda haka a je kasuwa bayan la'asar ko bayan isha, lokacin da ƙafar ta kai iyakar girmanta, wanda dama shi ne lokacin da shagunan nan suka fi buɗewa. A je da irin safar da za a riƙa sawa. Kada a aiki yaro da lamba, kada a saya ta waya ba a gwada ba.

Kafin ka zura ƙafa, ka gwada takalmin a hannu. Kama gaba da baya ka lanƙwasa: ya kamata ya ba da kai kaɗan a daidai gindin yatsu kawai, ba a tsakiya ba. Murɗa shi kamar mai matse wanki: in ya murɗu da sauƙi, ajiye shi. Danna bayansa, inda ke rungumar dunduniya, da babban yatsa: in ya lotsa, ba zai riƙe ka ba. Sa hannu ciki ka shafa ko'ina, kana neman ɗinki ko kumburin fata da zai zauna a kan tabon aikin. Sannan ka ajiye shi a kan tebur ka duba ta gefe. Wanda gabansa ya ɗan ɗaga sama kamar ƙasan kwalekwale yana mirgina ƙafa gaba ba tare da yatsu sun lanƙwashe sosai ba, kuma wannan babban sauƙi ne ga mai taurin babban yatsa. Sai dai tsoho mai rangaji ya gwada shi a hankali, don yana rage tsayuwa daram.

Daga nan ka zaro shimfiɗar ciki, ka ajiye ta ƙasa, ka tsaya a kanta da dukkan nauyinka. In gefen ƙafarka ya zubo waje, takalmin ya yi maka ƙunci ko da ka ji ya shiga. Tsakanin yatsa mafi tsawo da ƙarshen shimfiɗar a sami faɗin babban yatsan hannu, wato santimita 1 zuwa 1.5. Shimfiɗar da ke fita tana da wani amfani: ranar da kumburi ya yi yawa ka cire ta ka sami fili, in kuma masu gashin ƙashi suka rubuta maka ta musamman, ta sami wurin zama.

Tudun dunduniya kada ya wuce santimita 2.5. A zaɓi mai igiya ko mai mannewa, ba sau-ciki ba, domin ƙafar da ke canza girma tsakanin asuba da magariba tana son abin da ake sassautawa a ƙara ɗaurewa. Ka yi tafiyar minti biyar a cikin shagon. In mai shago ya ce zai saki in an ɗan sa shi, ka gode masa ka nemi wani. Tabon aiki ba wurin horar da takalmi ba ne.

Lamba nawa zan ƙara?

Yawanci rabi zuwa ɗaya. Lambobin da ake amfani da su a nan na Turai ne, 41, 42, 43, kuma kowace lamba tana ƙara tsawon da bai kai santimita ɗaya ba, kashi biyu cikin uku ne. Matsalar ita ce kumburi faɗi da tudu yake ƙarawa, ba tsawo ba. Wanda ya tsallaka lamba biyu ko uku don neman faɗi zai sami takalmin da dunduniya ke fita, yatsu su koma danƙewa, ga tuntuɓe. Gara a tambayi mai faɗi a lambar da ta kusa da taka. Wasu kamfanoni suna rubuta 2E ko 4E a kwali. A saya daidai da ƙafar da ta fi girma, a cike wa ƙaramar da ƙarin shimfiɗa.

Zubairiyya fa, ko takalmin fata na Juma'a? Ni kuma Hajiya ce, ga bikin 'yata ya matso.

Zubairiyya da ire-iren madas, wato buɗaɗɗun takalman fata na gargajiyar Larabawa, masu zobe a babban yatsa, suna da matsala biyu: babu maɗauri a baya, zoben kuma yana zama a kan gaɓar da aka fi yi wa aiki. A jinkirta su sai kumburi ya tafi gaba ɗaya.

Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ƙwas-ƙwas yana tattara nauyin jiki ya zuba shi a gaban ƙafa, mai tsinin baki kuma yana matse yatsu wuri guda, wanda sau da yawa shi ya taimaka wa ciwon tun farko. Kafin wata 6 kada ki kusance shi, bayan haka ma sai gajere, na ɗan lokaci, in likita ya yarda. Abaya ko doguwar riga tana rufe kambas, babu mai lura. Lalle kuwa sai fata ta haɗe sarai, babu ɓawo babu ruwa, kuma a kauce wa baƙin lalle mai haɗin sinadari a kan tabo, yana ƙona fata.

Yaya zan yi da alwala da sallah a masallaci?

Bandeji da siminti, wanda ake ce wa jibs a nan, ba sa son ruwa. Danshi a ƙarƙashinsu yana jiƙa fata ya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Shari'a ta sauƙaƙa: ana shafa a kan ɗaurin da hannu mai ɗan danshi maimakon wankewa. Ka yi alwalarka a gida, a zaune, kafin ka fito, ka huta da jiƙaƙƙen tayil ɗin masallaci.

Sujada tana lanƙwasa yatsu zuwa iyakarsu, zaman tahiya kuma yana kafa ƙafar dama a kan yatsu ya danne ta hagu. Wannan shi ne ainihin motsin da takalmin asibiti ke hanawa. Hadisin Imrana bin Husaini a Bukhari ya ce a yi sallah a tsaye, in ba a iya ba a zaune. Kujeru suna nan a masallatai, ka ɗauki ɗaya a ƙarshen sahu, inda ba za a taka ka ba. Kada ka cire but a bakin ƙofa ka taka da ƙafa tsirara zuwa sahu. Ka riƙa zuwa da ledar rufe takalmi irin ta asibiti, ana samunta a saidaliyya, wato kantin magani, ko babbar safa mai tsabta, ka zura a kansa kafin ka hau kafet.

Banɗakin tsugunno ma haka yake lanƙwasa yatsu da idon sawu. In shi ne a gidan, a sayo kujerar banɗaki mai rami a ɗora a kai.

Na yi niyyar umra. Zan iya, kuma me zan sa da harami?

Sa'ayi kaɗai kusan kilomita 3 ne, ga ɗawafi, wanda a benayen sama ya ninka na ƙasa tsawo, ga tafiyar shiga da fita. Wanda bai kai ga yin tafiyar awa guda babu ciwo babu sabon kumburi ba, ya hau keken turawa ko ya jinkirta. Babu tawaya a cikin haka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Ummu Salama ta yi ɗawafi a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya. Ko a kan keke, a kare ƙafar daga cunkoso, don ƙarfen keken wani yana iya bugunta.

Mace tana sa safa da takalminta yadda ta saba. Namiji an hana shi huffi da abin da ke rufe idon sawu, saboda haka sandal mai maɗauri wanda ya bar idon sawu a buɗe shi ne ya fi kusa. Mazhabobi sun ɗan bambanta kan iyakar abin da za a rufe, sai a tambayi malami. In lalura ta tilasta sa but, ana sawa a yi fidiya, kamar yadda aya ta 196 a Suratul Baƙara da hadisin Ka'abu bin Ujra suka nuna: azumin kwana 3, ko ciyar da miskinai 6, ko yanka akuya ko tunkiya.

Takalminka ya kasance cikin jaka a kafaɗarka, kada ka bar shi a ƙofa. Farin marmaran filin ɗawafi ba ya ɗaukar zafi, amma kwaltar waje a lokacin bazara, da iska ta haura digiri 40, tana sale tafin ƙafa cikin ɗan lokaci.

Mahaifina yana da ciwon suga, an yanke masa yatsa ɗaya. Me za mu kula da shi?

Allah ya ba Baba lafiya. Shi nasa lamarin ya fi na kowa tsanani, domin suga tana kashe jijiyoyin ji. Takalmi zai iya cinye masa fata ya yi gyambo bai ji komai ba, saboda haka cewarsa "ba ya damuna" ba hujja ba ce. Ku ne idonsa.

Kada ya taka ƙasa babu takalmi, ko a tsakar ɗaki. Kafin ya sa, a zazzage shi a shafa cikinsa da hannu, tsakuwa ɗaya ko ƙwallon dabino ya isa. Sabon takalmi awa 1 zuwa 2 a ranar farko, a cire a duba. Jan da bai ɓace ba bayan minti 20 zuwa 30 yana nuna wurin da ake dannewa. Safa fara ta fi, don digon jini ko ruwa zai bayyana a jikinta, kuma kada bakinta ya zama mai matse ƙwauri. Kowane dare a duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu da fitila. Idan yatsa ya tafi, nauyi yana komawa kan na kusa da shi, a nan sabon gyambo ke fitowa, shi ya sa yake buƙatar shimfiɗar da aka auna masa a asibitin ƙafar masu suga, ba ta kasuwa ba. Kada a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, kada a yanke kanta da reza.

But ɗin ya fara wari saboda gumi.

Sa doguwar safa mai tsotse gumi a ƙarƙashinsa, a canza ta kullum, sau biyu in ana zafi. Rigar cikin but tana fita: a wanke ta da hannu da sabulu, a shanya a inuwa, a tabbata ta bushe kafin a mayar. Kada a zuba hoda ko turare kusa da ɗinki. Kada kuma a bar takalmi cikin mota a rana, zafin yana sakin gam, yana kuma tsuke robar mai laushi.

Maƙwabcinmu yana da but da ya gama da shi. Zan iya ara?

Za ka iya, in irin wanda aka rubuta maka ne kuma girmanka ne. Yawancinsu suna shiga dama da hagu. Ka duba ƙasansa ko ya cinye ta gefe guda, ka gwada ko mannen yana kamawa, in mai iska ne ka hura ka ga ko yana saki. A sa sabuwar rigar ciki, a kai wa likita ya gani.

Yaushe zan koma tuƙi? Kuma ina son zuwa gida hutu.

Ba a tuƙi da but ko takalmin asibiti a ƙafar dama, yana maƙalewa tsakanin birki da totur. Bayan aikin ƙashi yawanci mako 6 zuwa 8 ne, kuma sai ka iya taka birki da ƙarfi farat ɗaya ba tare da ciwo ya sa ka janye ba. Gwada a mota tana tsaye.

Jirgi daga Jidda zuwa Kano awa huɗu ne da wani abu, ga zaman fili kafin tashi. Ƙafa tana ƙara kumbura a sama, kuma makonnin farko bayan aiki lokaci ne na haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Ka sanar da likita kafin ka yanki tikiti. Ranar tafiya a sassauta igiya, a nemi kujerar bakin hanya, a riƙa motsa idon sawu ana shan ruwa. Safar matsi tana taimako, amma mai toshewar jijiyoyin jini kada ya sa ta sai da izini.

Wace alama ce ke nuna ba matsalar takalmi ba ce, asibiti zan koma?

Ja da ke yaɗuwa daga bakin ɗinki, mugunya, wari, zazzaɓi. Yatsu su yi fari ko shuɗi ko sanyi, ko su mutu, kuma sassauta maɗauri da ɗaga ƙafa sama da ƙirji bai dawo da su ba. Ciwo mai tsanani da ya dawo bayan ya lafa, musamman bayan tuntuɓe ko zamewa. Duk waɗannan na ranar ne, ba na jiran ranar da aka rubuta maka ba. Sha-raɓa ta kumbura ta yi zafi tana ciwo, wannan ma a tafi a ranar. In kuwa aka sami ciwon ƙirji ko numfashi na sarƙewa, a kira motar agajin gaggawa a 997 nan take. Ƙananan tambayoyi na dare ana iya yi wa layin Ma'aikatar Lafiya, 937.